Tambayar da Ban Yi wa Mahaifiyata Ba

Shekarun baya, ba mu daɗe da tarewa a gidanmu na unguwar Jiddari Polo a Maiduguri ba, aka yi wa mahaifiyata aikin ido. Yana ce ta rufe mata idon dama, har ta kai in ka shigo sai ka yi magana take gane ka. Aikin ya yi kyau, sai dai likitan ya ce ta yi makonni ba ta sunkuya ba, ba ta kusanci hayaƙi ba. To Hajiya kuwa, haka muke kiranta, in ka raba ta da murhu da tsintsiya ka raba ta da duniya. Shi ya sa muka yanke shawara da ƙanena cewa kada ta koma gidanta na Abbaganaram, ta zo wurina ta yi jinya.

Sai da muka yi da gaske ta yarda. Ni ce 'yar farinta, ita kuma irin mutanen da ce. Iyayenta fatauci ya kawo su daga Kano suka zauna a Yerwa, ta tashi cikin Barebari, sai ta haɗa kunyar can da ta nan ta ɗora a kanta. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In na ɓata mata rai ta ce "yarinyar nan", ni da nake da 'ya'ya huɗu. Maigidana kuwa ko ido ba ta haɗawa da shi. In ya durƙusa gaishe ta sai ta ja mayafi ta juya gefe, ta amsa wa bango.

Ranar da ta shigo gidana na yi rawar kai ba kaɗan ba. Na ce a raina wahala ta ƙare. A Abbaganaram abincinta bai wuce burabusko da miyar yakuwa, tuwon dawa da miyar kuka, kwaɗon zogale, ɗanwake, fura da nono ba. Da rana ta jiƙa tsamiya ta yi ardeb ta yi ta kurɓa. A idona wannan duk cimar rashi ce. Sai na shiga yi mata abin da nake ganin shi ne gata: farin burodi mai laushi da shayi mai kauri da safe, farar shinkafa ko taliya da rana, soyayyen nama, danderu, gasasshen naman nan na Barebari, in an samu. Masu zuwa dubiya suka cika mana ɗaki da lemon gwangwani da biskit. Ganye ko ɗaya ban bari ya shiga kwanonta ba, don kada a ce ta zo gidan 'yarta an ba ta abincin awaki.

Kafin ku yi mini dariya bari in taya ku. Ni malamar ilimin lafiya ce a makarantar 'yan mata. Duk shekara sai na zana hanji a allo da alli kala uku, in bi shi da sanda daga baki har ƙasa, in sa yara su maimaita. Na sha ba yarinya sifili don ta manta amfanin ganye da ruwa a ciki.

Maigidana shi ma ya yi nasa gatan. Ya ɗauki hutun shekara takanas don girmama surukarsa, ya ce ba zai yiwu tana jinya a gidansa yana ofis ba. Daga safe har yamma yana falo yana tarbar 'yan dubiya, ya raka wannan, ya yi wa wancan lale. Mutane suka yi ta sa masa albarka, ni kuma ina ta hura hanci.

Sai in gaya muku yadda gidan yake, don nan maganar take. Ɗakin baƙin da muka sauke ta ba shi da bayi a ciki. Bayin yana ƙarshen wani ɗan lungu, ƙofarsa na kallon falo, daidai saitin kujerar da maigidana ke zama. Irin na zama ne, ba na tsuguno ba, kuma bangonsa ɗaya da ɗakin kwananmu. In aka kora ruwa duk gidan sai ya ji. Da muke gini abin da ya dame ni kalar tayil ne.

Kwanakin farko lafiya lau. Ina ɗiga mata maganin ido a kan lokaci, har ƙararrawa na sa a waya. Na lura da zarar maigidana ya fita masallaci sai ta zabura ta ɗauki buta ta nufi lungun, minti biyu ta fito. Na ɗauka son sallah a farkon lokaci ne, har na ce wa yara su yi koyi da kakarsu. Na kuma lura gorar ruwan da nake ajiye mata da safe haka nake tarar da ita da yamma, alhali bazara ce, zafin Maiduguri irin wanda ko fanka ta kaɗa wuta take kawowa.

"Hajiya, ba ki sha ruwan ba."

"Sanyinsa na taɓa mini haƙori."

Na kawo mara sanyi. Ta kurɓi kaɗan ta ajiye, na wuce harkokina.

Wajen kwana na bakwai ta fara ture abinci. Ta ɗan tsakuri shinkafa ta rufe kwano. Na ji haushi, don ni dai na san irin wahalar da na sha a kicin.

"Hajiya, ko girkin nawa ne bai yi miki ba?"

"A'a. Cikina a cike yake."

Na ɗauka kara ce irin ta baƙo, har na ce mata nan ba gidan wani ba ne. Ashe a duk zamanta wannan ne karon da ta faɗa mini gaskiya ƙarara, ni kuma na mayar da ita maganar fatar baki. Kullum tana lulluɓe da mayafi har ƙasa, ban ga cikin ba, ban kuma nemi gani ba.

Rana ta tara, bayan azahar, ina kicin ina yanka albasa, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da murya a sake. Na ɗauka maƙwabciya ce. Aka sake kira, daga ɗakin baƙi. Wuƙar ta suɓuce daga hannuna. Wallahi na gane muryar, kuma na san matar da ta yi shekara arba'in da wani abu tana kewaye wannan suna ba za ta faɗe shi tana cikin hayyacinta ba.

Na tarar da ita zaune a bakin gado, ba ɗankwali, tana kallona kai tsaye.

"Ki je ki ce wa babanki ya shigo da awakin nan, hadari ya haɗo."

Babana ya rasu tun ina makarantar horon malamai. Awakin kuwa an sayar da su tun kafin a yi mini aure. Na tsaya kawai ina kallonta. Maigidana ya ji shiru ya leƙo, sai ta dube shi ido cikin ido, ta tambaye shi ko shi ne mai kawo itace. Bawan Allah ya ja da baya kamar ya taka wuta.

Kafin la'asar gida ya cika. Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna Ƙarama, ta zo daga Abbaganaram da turaren wuta a ƙulle cikin gefen zani. Tana ganinta ta ce, "Sabon gida ne. Unguwar nan da can fili ce, ba a san su wa aka tarar ba." Na ce mata mun yi sauka kafin mu tare. Ta ce a ƙara. Aka kira malami ya yi karatu, aka tofa a ruwa, aka turara ɗakin, duk da likitan ido ya hana hayaƙi. Ƙanena ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, mu daina yaudarar kanmu. Rikicin tsufa ne, haka kakarmu ta fara." Wannan maganar ta fi ta aljanu tayar mini da hankali. Kakarmu shekara shida ta yi ba ta san kowa ba kafin ta rasu. Na shiga ɗaki na yi kuka, ina ganin shi ke nan na rasa uwa tana raye.

Washegari ta yi sallar azahar sau uku, ɗaya ma ta kalli yamma. Da na je canja mata zani sai na ga ya ɓaci da wani ruwa-ruwa. Na ce to, ga gudawa kuma ta shigo. Ni mai ilimi ban tsaya tambayar kowa ba, na zari mayafi na je kemis na karɓo maganin tsayar da gudawa, na ba ta biyu, da yamma na ƙara mata. Har yau in na tuna hannuna yana miƙa mata ƙwayoyin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Rana ta goma sha ɗaya da safe ta fara amai. Garin riƙe ta hannuna ya sauka a cikinta, sai na ji shi tauri kamar ƙwarya. Na yaye mayafin. Cikin ya kumbura ya yi tsini, fatar tana sheƙi. Matar da ba ta da ƙiba ko kaɗan. Ban san lokacin da na fara salati ba. Muka ɗauke ta sai asibiti.

Likitar da ta gan mu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta sunkuya ta gaishe ta da Barbarci, "Wushe, Ya Hajja." Ta danna cikin nan da can, ta duba harshe, ta ja fatar hannu ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Ni kuwa na buɗe baki ina ta zuba bayani: ranar da aka yi aikin ido, sunan maganin ɗigawa, sau nawa, ƙarfe nawa, maganar awaki, maganar kakarmu. Ta bar ni na gama.

"Anti, yaushe rabonta da bayan gida?"

Na ce, "Ai gudawa ma take yi tun jiya."

"Kafin jiyan fa? Na sosai nake nufi."

Na dubi ƙanena, ya dubi Inna Ƙarama, ita kuma ta dubi silin. Mu uku, manya, ba wanda ya sani. Ni da take kwana ƙarƙashin rufina, na san adadin ɗigon da ke shiga idonta, ban san wannan ba. Bai ma taɓa zuwa mini a rai cewa abin tambaya ba ne. Wa ke tambayar uwarsa irin wannan?

Aka ɗauki hoton ciki. Likitar ta ɗaga shi a haske ta nuna mana, ta ce duk wannan da muke gani bayan gida ne ya taru ya daskare ya toshe hanya. Abin da na kira gudawa ruwa ne kawai da yake silalowa ta gefen toshewar. Ta tambaya ko an ba ta wani abu. Na faɗi sunan maganin da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai rufe ido na ɗan lokaci, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Kin ƙara wa ƙofar sakata ke nan," ta ce. "Allah ya sa kun zo yau."

Na ce, "Likita, to kan nata fa? Rikicewar?"

Ta ce jikinta ya bushe ƙwarai, ga ciwon mafitsara ya shiga saboda riƙe fitsari da rashin ruwa. Ta ce tsoho ba kamar mu ba ne. Mu in ciki ya ɗaure sai mu yi ta ƙorafi, tsoho kuwa sau da yawa kansa ne ke fara nunawa, ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, iyali su ce aljanu ne ko tsufa. Ta ce rikicin tsufa a hankali yake zuwa, ba ya faɗowa rana ɗaya bayan azahar. Sannan ta tambayi abin da Hajiya ke ci a gidanta, Inna Ƙarama ta lissafa. Ta tambayi abin da take ci a gidana, na lissafa, ina jin muryata tana ƙanƙancewa.

"Wa ya canja mata?"

"Ni."

"Hanjinta shekara saba'in ya saba da dawa da ganye da wake da nono. Akwai ƙananan halittu masu amfani a cikinsa da wannan suke rayuwa. Kin kwashe musu abinci rana ɗaya, ga ba ruwa, ga ba motsi." Ta dube ni. "Wane aiki kike yi, Anti?"

Na so in ce ɗinki. Ƙanena ne ya riga ni, ya ce ai malamar ilimin lafiya ce. Ban yafe masa wannan ba sai bayan sallah.

Suka sa mata ƙarin ruwa, suka ba ta maganin mafitsarar, ma'aikatan jinya suka ja labule suka yi mata wankin ciki ta ƙasa, ba sau ɗaya ba. Ina waje ina jin nishinta. Kwana biyu ba ta san inda take ba, ina zaune gefenta ina tunanin ko likitar ta faɗa ne kawai don ta kwantar mana da hankali.

Rana ta uku da hantsi ina goge mata hannu sai ta buɗe ido. Ta dubi ɗakin, ta dubi robar ruwan da ke rataye, ta shafa kanta.

"Ke, ina ɗankwalina?"

Ban taɓa murnar rasa sunana irin ta ranar ba. Na miƙa mata ɗankwalin na fita baranda, na zauna a ƙasa na yi kuka har wata mai shara ta zo tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi.

Da na dawo labule a ja yake, Inna Ƙarama na ciki da ita. Ban yi niyyar laɓe ba, amma na ji, na kuma kasa ɗaga ƙafa.

"Yaya, tsakaninki da Allah, tun yaushe?"

Hajiya ta ce, "Tun ranar da na shiga gidan."

"Kwana goma sha ɗaya? Don me?"

"Yana zaune yana kallon ƙofar. In ɗauki buta in wuce ta gaban surukina, in shiga, in daɗe, in kora ruwa duk gida ya ji, in fito? In ya tafi masallaci kuma kafin in san yadda ake zama a kan abin nan ya dawo. Sai na rage ci, na rage ruwa. Na ce makonni ne, zan iya."

"Ba ki gaya wa 'yarki ba?"

"Ita?" Ta yi 'yar dariya mara ƙarfi. "Da wane bakin?"

Na daɗe a tsaye a wurin. Duk kwanakin nan ina ganin abinci ne kawai laifina, ashe gidan gaba ɗaya da gatan da muka shirya mata su ne suka kusa kai ta kabari. Kuma ta zaɓi hakan da idonta biyu, a kan ta wuce taku goma da buta a hannu.

Da yamma na gaya wa maigidana a cikin mota. Ya riƙe sitiyari ya daɗe bai tayar ba.

"Ni ne? Zaman da nake yi?"

Na ce ba shi kaɗai ba ne. Ya yi ta maimaita innalillahi a hankali. Mutumin da ya ɗauki hutu don a ce ya kyauta.

Da aka sallame ta ta kafe sai Abbaganaram. Likita ta ce a bari ta ƙara sati biyu inda za a sa mata ido. Da ƙyar ta yarda ta dawo. Kafin ta iso maigidana ya sa an janye kujerarsa zuwa can ɗaya kusurwar, an rataya labule mai kauri a bakin lungun, an kai ɗan benci na ɗora ƙafa cikin bayin. Washegari da safe ya tsaya a ƙofar ɗakinta ta waje, ya ɗaga murya, shi da ko ni bai taɓa gaya wa lokacin dawowarsa ba.

"Hajiya, zan fita da yara. Ba zan dawo ba sai ƙarfe goma sha ɗaya."

Ta amsa daga ciki, "A dawo lafiya."

Haka ya yi kullum har ta tafi. Ba inda yake zuwa, ƙarƙashin dogon yaron bakin titi yake zama wurin mai gyaran keke. In zai shigo tun daga get yake rangaɗa sallama. Bai taɓa faɗin dalili ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta gane ba. Ni kuma na koma kasuwa neman yakuwa da zogale da tsamiya, Inna Ƙarama ta tsaya a kaina tana koya mini turara burabusko, tana cewa ilimin boko bai hana ni zama sakarya ba.

Har yanzu abin bai sake ni ba. Nakan zauna in lissafa: da mun yarda da maganar ƙanena, da mun ci gaba da turare, da na ƙara mata ƙwayoyin nan kwana ɗaya. Da yanzu labarin da nake ba ku shi ne mahaifiyata ta rikice a ƙarshen rayuwarta, kuma da na yarda da shi har in mutu. Muna tambayar tsofaffinmu ido, gwiwa, hawan jini, barci. Wannan guda ɗayar ce muke tsallakewa, su ma ba za su taɓa kawo ta da kansu ba. Kunyarsu ba abin raini ba ce, da ita suka raine mu. Amma dole wani a gidan ya ajiye tasa, kuma na gane ni ce.

Hajiya tana nan a Abbaganaram, ta haura tamanin, da hankalinta garau, tana share tsakar gidanta da kanta. Kullum da safe kafin in tafi makaranta nake kiranta. Mu gaisa, in tambayi gwiwa, in tambayi ruwa kofi nawa ta sha, sannan in yi tambayar. Shekara da shekaru ke nan amma ba ta saba ba.

"Ke, wai ba ki da kunya ne?"

"Babu, Hajiya. Kin yi?"

Sai in ji tana gyara zama. Ba na ajiye wayar, ita ma ta san ba zan ajiye ba.

"Na yi," sai ta kashe.